Notin Kan Famfo

Babu abin da ya taɓa lalacewa a gidan Baba ya fi ƙarfin Baba. Haka yake faɗa, kuma shekara uku da hannunsa ya fara rawa, bai janye maganar ba.

Famfon banɗaki ya kwana tara yana ɗiga. Baba ya ɗauki sukundireba, ya yi ta murza notin da ke riƙe da kan famfon har tsagar notin ta cinye, ta yi sumul. Sai ya yanke hukunci cewa ƙarfen zamani ne ba shi da tarbiyya.

'Yarsa Auta ta jira ya yi barcin rana, sannan ta kira mai gyaran famfo. Shekara biyar yana neman aurenta. Baba bai taɓa cewa a'a ba. Yakan dai tambaya, cikin tausasa murya, wa zai riƙa ɓalla masa maɓallin riga idan ta tafi. Yayyenta maza huɗu suna turo gaisuwa ta waya.

Mai gyaran ya rufe ruwan, ya duƙa ya duba notin.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Ni ce."

"Ke da ko murfin kwalba sai kin miƙo min?"

Ya ɗauko guntun zarto, ya fara yanka sabuwar tsaga a kan notin, a hankali, don kada Baba ya farka.

"An ba ni aikin nan da na nema, Auta. Asabar zan tafi, kuma da nisa. Sun ce har da ɗaki biyu."

"Allah ya sanya alheri."

"Addu'a na zo nema? Ki ce to, yau in turo kawuna wajen Baba."

"Baba fa?"

"Mu tafi da shi."

"Mutumin da ba ya yarda a canza masa kujera?"

Notin ya juya. Ya zare kan famfon, ya cire tsohuwar robar da ta tsage, ya sa sabuwa. Duka aikin minti ashirin. Ta so a ce ya fi haka wuya.

"Rabin raina... na gaji da shigowa gidan nan ta ƙofar baya."

"Na sani."

"Shi ke nan?"

"Ka sa notin da ka cire. Idan ya ga sabo zai gane."

Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya mayar da tsohon notin, ya goge yatsunsa daga jikin famfon, ya tattara kayansa. Bai waiwayo ba, ita ma ba ta ba shi dalili ba.

Da la'asar Baba ya shiga banɗaki, ya fito yana gyaran murya.

"Kin gani? Ya daina. Na faɗa miki ɗaurin da na yi masa jiya sai ya kwana yake kamawa. Da kin kira wani, da an yi mana dariya."

"Haka ne, Baba."

Ta durƙusa, ta ɓalla masa maɓallin da ya kuskure.