Waƙar Matuƙin Jirgi

A bayan dandalin wasan kwaikwayo na birnin Iloilo Crisanto ya fara ganin Marikit, allura a bakinta, tana gyara rigar wani ɗan wasa. Ta ɗago kai, gogan naka ya manta inda za shi.

Da soyayya ta yi nisa, wata yamma ya ɗauki jita ya tsaya ƙarƙashin tagarsu kamar yadda samari ke yi. Ya zaɓi waƙar matuƙin jirgi ta cikin wani tsohon wasa, wadda ba a biki a garin sai an sa ta. Bai kai rabi ba aka rufe tagar, garam!

Saƙon Marikit ya shigo wayarsa: "Masoyina, ka kashe mu. Mama ta ce ko a hanya kada ka ƙara gaishe ni."

"Hasken idona, me na yi? Waƙar alkawari ce fa."

"Ka taɓa kallon wasan har ƙarshe? Matuƙin yana rantsuwa zai dawo, alhali wata mace na jiransa cikin jirgi. A da Babana ke fitowa a matuƙin, Mama a matarsa. Haka ya yi ta rera mata, kuma haka ya tafi ya bar mu."

Kafin mako ya zagayo, Mama Pilar, mahaifiyar Marikit, ta fara sakar wa ɗan wani mai kantin magani da ke neman 'yarta fuska, Marikit kuwa kullum cikin kuka.

Crisanto ya je ya kalli wasan har aka ja labule. Washegari ya tsaya a ƙofar su Marikit.

"Mawaƙi, ina jitar?" in ji Mama Pilar, fuska a murtuke.

"Tana gida, Mama. Na ga ƙarshen wasan, na ji kunya. Ba zan yi miki rantsuwa ba, an riga an yi miki mai daɗi. Ki ba ni aiki kawai, ki zuba ido."

Sai ta nuna masa rufin da ke yoyo. Damina guda yana hawa yana sauka, ko sannu ba ta ce masa ba. Sai ranar da ta tura masa kwanon shinkafa da kifi, ta ce ya turo iyayensa.

Ranar biki makaɗa suka ɗauko waƙar kamar kullum. Ango da suruka suka zabura tare: "Kai! Ku tsaya!"

Mama Pilar ta yi dariya har da hawaye, ta dafa kawunan ango da amarya. "Marikit, wannan babu inda za shi. Allah ya yi muku albarka."