Ƙyauren Da Kieran Ya Rufe

Ranar Lahadi ce, cikin zafin Yuli irin wanda ƙauyen Marlby ya daɗe bai gani ba. Tessa na tsaye a kicin tana fere dankali, ta fere ɗaya ta leƙa taga, ta fere ɗaya ta sake leƙawa, har uwarta Doreen ta fizge wuƙar daga hannunta.

"Ba ni nan kafin ki yanke yatsa. Rabin dankalin kike zubarwa tare da ɓawo. In zai zo zai zo, ba leƙe ne zai kawo shi ba."

"Mama, ce masa na yi ya biyo ta cikin gona daga bakin titi. Kar ya je ya ɓata."

"Direba ne fa. In ya ɓata a gonar ubanki, to wa ya ba shi mota?"

Wilf Holroyd, uban Tessa, yana zaune a bakin tebur ya buɗe jarida, amma tun ɗazu shafi ɗaya yake kallo. Bai ɗago kai ba ya ce, "Direban bas. 'Ya ɗaya tak Allah ya ba ni, ta tsallake samarin ƙauyen nan kaf, ta je York ta kwaso mini direban bas."

"Baba, ba ka ko gan shi ba."

"Na ga irinsu. Su ne suka saye gidajen bakin coci, suna kai ƙarar zakara don ya yi cara."

A bas ɗin safe Tessa ta san Kieran, domin kullum shi take shiga zuwa gidan burodin da take aiki a birni. Ranar da ta makara yakan tsaya a bakin hanyar gonarsu yana goge madubi, madubin da babu ko ƙura a jikinsa, har sai ta fito da gudu. Da ya nemi aurenta ta amsa, amma ta gindaya masa sharaɗi guda: ba za ta taka cocin Marlby da farar riga ba sai hannunta na cikin hannun ubanta. Shi zai kai ta gaba, shi zai miƙa ta. In babu wannan, babu aure.

Kieran ya iso sharkaf da gumi, da furanni a hannu duk sun yi laushi. Ya gaida Doreen, ya miƙa wa Wilf hannu. Wilf ya riƙe hannun, ya juya shi yana dubawa kamar mai taya dabba a kasuwa.

"Laushi kamar kullun burodi. Me kake ɗagawa da shi, yaro?"

"Kekunan jarirai da jakunkunan tsofaffi, Mista Holroyd. Akwai wata jakar da na rantse tumaki biyu ne a cikinta."

Doreen ta yi dariya. Wilf bai yi ba, amma ya yanko masa gasasshen nama mai kauri, kuma duk wanda ya san Wilf ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan an ci abinci Kieran ya naɗe hannun riga ya taya Tessa wanke-wanke. Ya matso kusa da kunnenta ya ce a hankali, "Ai na riga na yi wa Baba aiki tun kafin in shigo. Wani sakarai ya bar ƙyauren tumaki a buɗe, na ja shi na rufe, har sakata na zura."

Tessa ta watsa masa kumfa tana dariya. Hankalinta na kan murmushinsa, ba ta tambayi wane ƙyaure ba. Da ta tambaya da an huta. A birni ana koya musu cewa in ka shiga ƙauye ka rufe ƙyaure. Mu nan ko yaron goye ya san ƙyaure yadda ka same shi haka za ka bar shi, domin mai gona ba mahaukaci ba ne.

Litinin Wilf ya wuni kwasar ingirici saboda an ce hadari na tafe, bai leƙa tumakin ba. Da safiyar Talata ya tarar da su sun cunkushe a jikin ƙyaure suna haki, kwamin ruwansu yana ɗaya gefen, suna ganinsa ba su da hanyar isa. Shi da kansa ya bar ƙyauren a buɗe don su riƙa zuwa sha. Sauran suka farfaɗo, amma Mabel, tsohuwar tunkiyar da ke jan garke, wadda ya raina da kwalbar madara a gindin murhun kicin, ta riga ta mutu.

Bai yi shawara da kowa ba ya nufi kantin ƙauye. A can ya tarar da Misis Penrose, wata gwauruwa da ta taso daga birni bara, wadda kullum take bin wannan hanyar da karenta. A gaban mai kanti da mata masu sayen burodi ya wanke ta tas. Ya ce ita ta kashe masa tunkiya, ya ce ta tattara ta koma inda ta fito. Matar tana rawar murya tana cewa ba ita ba ce, babu wanda ya saurare ta. Daga ranar aka daina amsa mata gaisuwa.

Tessa ta dawo daga aiki ta ji labari. Ta ja uwarta bayan gida wajen igiyar shanya ta faɗa mata komai tana kuka.

Doreen ta dubi hagu, ta dubi dama. "Wa kika faɗa wa?"

"Ke kaɗai, Mama."

"To ki haɗiye shi. Ubanki ya fara sakkowa, jiya har cewa ya yi yaron yana da cin abinci. Kika buɗe baki, auren nan ya mutu tare da Mabel."

"Misis Penrose fa?"

"Za a manta. Ƙauye ne, mako mai zuwa za a sami wani abin magana."

Uwa ce, son 'yarta ne ya sa ta faɗi haka, amma shawarar banza ce, kuma ita ma ta sani, domin da ta koma kicin sai da ta ƙona miya.

Washegari da yamma Kieran ne ke tuƙa bas ɗin dawowa daga birni, Tessa ba ta sauka a bakin gonarsu ba. Ta zauna har bas ya kai ƙarshen hanya a gindin coci, fasinjoji suka watse, sannan ta faɗa wa Kieran. Ya kashe injin, ya juyo.

"Ni na kashe ta ke nan," in ji shi.

"Ba ka sani ba ne. Kieran, don Allah mu yi shiru. Mama ta ce—"

"Matar nan jiya ta shiga motata, Tess. Ta zauna can baya ita kaɗai, kowa ya juya mata ƙeya. Na ɗauka rashin lafiya ce ta sa idonta ya kumbura."

"In ka faɗa, Baba ba zai taɓa kai ni coci ba. Ka san halinsa."

"In ban faɗa ba, zai kai ki wurin maƙaryaci. Haba masoyiya, a teburinsa zan riƙa cin abinci kowace Lahadi. Ta ina loma za ta wuce?"

Ranar Asabar ya zo. Wilf na tsakar gida yana gyaran tarakta, Tessa na laɓe a ƙofar rumbu. Kieran bai yi kwana-kwana ba, bai ko jira an ba shi wurin zama ba.

"Mista Holroyd, ni na rufe ƙyauren nan ranar Lahadi. Ba Misis Penrose ba ce. Na ɗauka taimako nake yi. Jahilcina ne ya kashe maka tunkiya, ka yafe mini."

Wilf ya miƙe da ƙarfe a hannu, fuskarsa ta yi jawur. Kieran bai ja da baya ba.

"Ka ci namana, ka zauna a kujerata, tumakina na can suna mutuwa da ƙishirwa. Fita daga gonata. Ke kuma da ke laɓe, ki ji da kyau: muddin ina numfashi ba zan riƙe hannunki in kai wa wannan ba."

Tessa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ƙawayenta na gidan burodi suka ce wauta take yi, wane zamani ake ciki? Ga ofishin ɗaurin aure nan a York, shaidu biyu sun isa, uban ya ji a gari. Wata rana da abin ya ishe ta, ita da bakinta ta faɗa wa Kieran su je kawai.

Ya girgiza kai. "Yau za ki yi murna, gobe ki dubi hoton bikin ki ga babu shi a ciki, ki yi kukan da ba zan iya lallashi ba. Ni aikina jira ne a bakin hanya. Ban gaji ba."

Sai ta haƙura. Ba ta yi wa ubanta gaba ba, ba ta fasa kai masa shayi gona ba, ba ta kuma fasa shiga bas ɗin safe ba. Da aka zo tsoma tumaki a ruwan magani ita ta riƙe masa su, ba ta ambaci sunan kowa ba.

Doreen kuwa kunya ta kama ta, ta juya kan mijinta. Kowace safiya da ƙwai da burodi take ajiye masa magana guda.

"Wilf, ka ci mutuncin baiwar Allah a gaban jama'a a kan laifin da ba nata ba. Yaushe za ka je?"

"Gobe."

Goben nan ta ƙi zuwa. Sau ɗaya ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci ya fita, ya kai har ƙofar gidan matar, ya dawo ya ce shingenta na bukatar aski. Wani karon ya hango ta a kanti, ya juya ya ce ya manta gilashinsa. Aka gama girbi, ganye ya fara zuba. Ranar godiyar girbi, coci cike da kabewa da dammunan alkama, Misis Penrose ta ajiye kwalbar zumarta a gaba ta koma kujerar baya. Mutane sun riga sun san gaskiya, suna gaishe ta, amma har yanzu in ta hangi Wilf sai ta sunkuyar da kai kamar ita ce mai laifi. Wilf ya gani. Bai rera waƙa ko ɗaya ba.

Da yamma ya cika kwando da tuffa ya ce, "Tessa, ɗauko mini wannan. Bayana na ciwo."

Bayansa lafiya lau. Tsoron zuwa shi kaɗai yake yi.

Misis Penrose ta buɗe ƙofa, karenta na leƙowa ta tsakanin ƙafafunta. Wilf ya cire hula yana murza ta. Ya ce an yi ruwa bana. Ya ce indararon gidanta ya toshe, zai turo a duba. Ya ce tuffar nan ta dahuwa ce, ba ta ci ɗanya ba. Gumi na bin wuyansa cikin wannan sanyi. Tessa ta taka masa ƙafa a hankali.

"Misis Penrose... abin da na faɗa a kanti... ban kyauta ba. Na zalunce ki. Ki yi haƙuri."

Matar ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Kieran ya zo tun washegarin ranar da ya faɗa maka, Mista Holroyd. Kai nake ta jira. Ku shigo, ruwan shayi na kan wuta."

A hanyar komawa uba da 'ya suka yi ta tafiya, busasshen ganye na ƙara a ƙarƙashin takalma. Sun kusa gida Wilf ya tsaya, ya share wuya da hankici.

"Tsohuwa ce fa, ko sanda ba ta riƙe ba, amma tun Yuli nake haɗa kalma uku na kasa furtawa. Shi kuma yaron nan ya tsaya a gabana, ga ƙarfe a hannuna, ga aurensa a bakin rami, ya faɗa a numfashi ɗaya. Kuma babu wanda ya sani, da ya yi shiru ya tsira."

Ya mayar da hankicin aljihu, ya ci gaba da tafiya.

"Tumaki ana koyon su, ni zan koya masa. Wancan abin da yake da shi kuwa ba a koyar da shi." Ya gyara murya. "Ki ce ya zo Lahadi. Ki ce wa uwarki ta nemo mini wancan kwat ɗin, baƙin, a ga ko har yanzu yana yi mini."

Tessa ta yar da kwando ta rungume shi. Ya ce ta sake shi mutane na kallo, amma shi ne bai sake ta ba.

Da bazara, bayan tumaki sun gama haihuwa, aka buga ƙararrawar cocin Marlby. Wilf ya shigo da 'yarsa a hannu, kwat ya matse shi, yana taku kamar mai bin garma. Da fasto ya tambayi wa ke ba da wannan yarinya, ya amsa da muryar da yake kiran garke da ita, har na bakin ƙofa suka ji.

To ku 'yan mata, ku buɗe kunne. Kyan fuska da daɗin baki ba sa riƙe gida. Ku dubi abin da namiji yake yi ranar da ya yi ɓarna kuma babu mai ganinsa. Ku kuma kada gaggawa ta sa ku tsallake iyayenku don sun yi taurin kai. Tsoho yana sakkowa, a hankali ne kawai. Tessa ta jira, ta sami mijin, ba ta kuma rasa uban ba.