Ɗan Sandan Dinatu

Ranar da Dinatu ta fara ganin Habila, abin da ya fara zo mata a rai shi ne, wannan murmushin nasa ba na banza ba ne.

Ita haka Allah ya yi ta, kuma a gida ta gada. Mahaifinta, Baba Adam na Ƙarfi, ko gaishe shi ka yi da fara'a sai ya shafa aljihunsa.

Abin da ya kai ta ofishin ba ɗalibai shawara kuwa ba mai daɗi ba ne. A zangonta na farko a jami'a ta faɗi fiye da rabin darussanta, aka ba ta gargaɗi cewa in ta sake, sai ta tattara kayanta ta koma gida. Ko Baba ba ta gaya wa ba. Ɗalibai "asibiti" suke kiran ofishin, shi ya sa ta zagayo ta bayan ɗakin karatu, ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"Zauna, Dinatu. Sunana Habila, a nan nake aiki. Ni ma ina aji ɗaya na taɓa zama a kujerar nan."

"Wa ya gaya maka sunana?"

"Ke kika faɗa wa masinja yanzu, ina ji."

Ta harare shi ta zauna a gefen kujera, kamar mai shirin gudu.

"Watan Nuwamba ina kika shiga? Ba ki lakca, ba ki gwaji."

"Kaka ce fa. Wa zai taya Baba cire waken suya? A sakandare ai har malamai tafiya suke yi, in an gama a dawo."

Bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, "Nan ba sa jiran kaka, Dinatu. Amma ba ƙwaƙwalwarki ce ta gaza ba, zaman ajin ne babu. Wannan kuwa yana gyaruwa."

Tun fitowar sakamako ba wanda ya gaya mata magana mai sanyi irin wannan. Don haka ma ta ƙara zarginsa.

Ya tsara mata lokutan karatu, ya haɗa ta da wasu ɗalibai suna bita tare, ya raka ta wajen malamin kemistiri da take tsoro. Kullum da yamma saƙonsa zai shigo.

"Manomiya, kin karanta babin yau, ko an tafi roron wake?"

Ita kuma ta mayar: "Ɗan sanda, na karanta. Wai me kake nema a wajena ne?"

"Ki ci jarrabawa."

Ta juya amsar nan ta ko'ina tana neman inda mugun nufi ya ɓuya, ba ta samu ba. Abin da ta samu a wajen binciken shi ne ita ce ta kamu. In yamma ta yi wayar ba ta yi ƙara ba, ko tuwo ba ya mata daɗi.

Ana nan, wata Litinin ta shiga ofis ta tarar da shugabar wurin, Madam Elizabeth, zaune tana jiran ta.

"Daga yau ni ce mai ba ki shawara, 'yata."

"Me na yi, Madam?"

"Ba ki yi komai ba."

Da yamma saƙo ya shigo: "Dinatu, Madam ta fi ni sanin aikin nan. Ki dage. Allah ya ba da sa'a."

Babu "Manomiya". Daga nan kuma shiru.

Bayan 'yan kwanaki ta hango shi ta taga, ga wata 'yar gayu mai suna Treasure zaune a kujerar da ta saba zama, yana yi mata irin murmushin nan. Shi ke nan, Dinatu ta gama haɗa labarinta: ya gaji da daƙiƙiyar ƙauye, ya sami 'yar birni. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta share hawaye ta buɗe littafi. Ta rantse sai ta ci jarrabawar nan ko don ya gani.

Da damina ta kankama, ta san Baba zai kira ta noma, kuma ba ta iya ce masa a'a ba. Ya kuwa kira.

"Ki yi zamanki. Wasu samari sun zo daga Malumfashi sun yi mana gayya, sun nome gonar tas. Babbansu ya ce don kar a taso ki daga karatu. Na sa ido a kansu har suka tafi, ko akuya ba ta ɓace ba. Amma ban yarda da su ba."

"Ni ma ban yarda ba, Baba."

Sakamako ya fito, Dinatu ta haye duka. Tana tsaye gaban allon sanarwa sai wayarta ta yi ƙara.

"Manomiyata, barka. Yanzu bakina ya buɗe. Ina son ki, kuma aure nake nufi. A ba ni izini in zo Ƙarfi."

Zuciyarta ta yi tsalle, amma yatsunta suka rubuta: "Treasure ta kore ka ne?"

"Treasure ɗaliba ce da nake taimaka wa. Ke kuwa na daina taimaka miki ne don in iya auren ki."

Ba ta gane ba, ba ta kuma yarda ba. Duk da haka ta ce ya zo.

Ran da Habila ya zo Ƙarfi, Baba Adam na ganin sa ya miƙe tsaye. "Kai ne mai gayya! Na faɗa, na ce akwai wata a ƙasa. An ce a jami'arsu kake aiki, wato ofis aka ba ka kana farautar 'ya'yan mutane? Ina ma ka san ta?"

Habila ya durƙusa. "Baba, abin da ya kawo ɗalibi ofishinmu ba ma faɗa. Sai in shi ya faɗa."

"Ka ji ko! Har da asiri. Ba zan ba ka ba."

Washegari Baba ya sa babbar rigarsa ya ce sai ya ga wannan ofis da idonsa. Dinatu ta bi shi, don ita ma tana da nata tambayoyin.

Madam Elizabeth ta saurare su har suka gama. Ta ce, "Baba, dokarmu ce, mai ba da shawara ba ya neman wadda ke hannunsa, don kar yarinya ta amsa saboda tsoro ko jin nauyi. Yaron nan da ƙafarsa ya zo ya ce in karɓe ta, zuciyarsa ta shiga. Na ce to, ba kira, ba saƙo, sai ta gama jarrabawa. Wata da watanni ina kallon sa yana ramewa, bai karya ba."

Dinatu ta sunkuyar da kai, kunya da daɗi suka rufe ta lokaci guda.

"To me ya kawo ta nan tun farko?" in ji Baba.

Madam ta dubi Dinatu, ta bar mata amsar. Dinatu ta ce, "Faɗuwa na yi, Baba. Lokacin da na zo cire wake. Saura kaɗan a kore ni."

Baba ya juya ya dubi 'yarsa. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauya. "Ina ta neman ɓarawo a waje, ashe ni ne na kusa raba ki da karatunki."

Da hutun Kirsimeti aka ɗaura auren a cocin Ƙarfi, Madam Elizabeth a sahun iyaye, Treasure cikin ƙawayen amarya. Da aka ba Baba Adam dama ya sa albarka, ya ce, "Na bincike yaron nan ciki da waje, ban sami komai ba. Ban dai daina ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Kuma daga yau, ranar lakca ba mai kiran 'yata gona, ko ni ne."

Coci ya ɗauki "Amin" da dariya.

Dinatu ta matsa kusa da angonta ta raɗa masa, "Ɗan sanda, yanzu dai faɗa mini gaskiya. Me kake nema a wajena?"

Ya riƙe hannunta. "Na riga na samu, Manomiyata."

Ta duba idonsa da kyau, yadda ta saba. Wannan karon ta yarda.