Murfin da Ba Nata Ba

Magariba ta kawo jiki, Mai Kwalabe yana zaune a falo yana goge ganimarsa da tsohuwar singileti. Kwalba ce mai dogon wuya da faffaɗan ciki, irin wadda masu hali ke zuba abin sha a ciki kafin a kai gaban baƙi. Da safe ya tsinto ta a gwanjon wani tsohon gida da za a rushe. Shekara ashirin da biyar yana sana'ar tsofaffin kayan gilas, amma a gidansa ba mai ganin girmansa. Matarsa cewa take tarkace yake tara mata. Auta, 'yarsa mai shekara goma sha shida, ita kaɗai ke sauraronsa, ita ma don ba ta da wurin gudu.

Ya kifa kwalbar ya nuna wa Auta cibiyar da ke gindinta, inda maƙerin ya ɓalle sandarsa. Wannan, in ji shi, da baki aka hura ta, ba aikin inji ba ne. Ya nuna mata zoben gogewa inda ta sha zama a kan tebura, ya ce shekara ɗari da ashirin, ko rana ɗaya ba ta ragu ba. Ya ɗana wa kwalbar farce, ta yi ƙara mai tsawo. Daga ƙetaren teku ta zo, kuma domin giya aka yi ta. Aibinta ɗaya: murfin gilas ɗinta ya ɗan gutsure, kuma akwai wani duhu kamar hayaƙi a cikin ƙwallonsa. Sai ya zare shi, ya jefa a akwatin ƙarfe inda marayun murafu kusan arba'in ke kwance, ya zaɓo mai ƙyalli ya ɗora, ya kulle akwatin da bismillah. Kowane dillali yana yin haka. Shi ne dai da ya yi, duniya ta tashi.

Dutsen farko a kan rufi ya faɗo. Na biyu a tsakiyar tebur, alhali tagogi a rufe suke. Kofunan da ke cikin kabad suka fara wani irin amo, ba wanda ya taɓa su. Auta ta miƙe a hankali, ta nufi kicin.

Can shi da matarsa suka same ta tana buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe filas, ta buɗe gwangwanin sukari, har kwalbar turaren uwarta. Kowanne sai ta leƙa cikin murfin, ta yi irin sautin da ake rarrashin jariri da shi, sannan ta yar. Da ubanta ya kama hannunta, ta juyo ta dube shi da idon da ba a duban uba da shi. Ya saki.

Kwana uku haka. Da rana tana kwance kamar gawa, ko ruwa ba ta karɓa, rana na yin ja sai ta tashi nema. Mai Kwalabe ya ce zazzaɓi ne. Matarsa ta yafa gyale ta ɗauko malam.

Malamin tsoho ne, siriri, ba ya gaggawa. Ya zauna a gefen tabarmar da yarinyar ke kwance, ya fara karatu ƙasa-ƙasa. An daɗe. Sai bakin Auta ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, busasshiya.

"Ɓarawo."

Mai Kwalabe ya ce shi saya ya yi, a gaban shaidu. Malam ya ɗaga masa hannu, ya tambayi mai maganar me aka sace mata.

"Kwalbar ɗakina ce. Murfin shimfiɗar ɗana. Ya ɗauke nawa, na ɗauke nasa."

Ta ce ta zagaya akwatin nan har ƙafarta ta gaji, amma abin da aka rufe da sunan Allah ba ya buɗuwa gare ta. Ta ƙara da cewa shekarun ɗakinta ɗari biyu da shida ne, kuma ruwan wardi aka fara zubawa a ciki, jahili kawai. Wannan ta fi jifan yi masa ciwo, amma ya haɗiye.

Malam ya ce za a mayar mata da ɗanta, ita kuma ta rantse za ta fita ba dawowa. Ta rantse, amma da sharaɗi. Yaron ya galabaita, ya daina kuka, ita kanta ba ta jin inda yake. Sai dai dillali ya zaɓo murfin da kansa, sau ɗaya, kafin jan sama ya ɓace. Kuma tunda a kasuwa yana cika baki cewa murfin asali yana ɗaga kwalbarsa, to ya ɗaga ta da shi, a kan siminti.

"In ta faɗi ta fashe, ba ni da ɗaki sai wannan," in ji muryar, hannun Auta yana dafa ƙirjin Auta.

Ya buɗe akwatin ya zube murafun. A ranar ya san yawan gutsurarrun da ya tara: goma sha ɗaya, kuma duk tsufa ya sa musu hazo. Ya ware waɗanda yankansu bai yi kama da na wuyan kwalbar ba, saura huɗu. Ya kai wuyan kusa da fitila yana neman lambar da maƙera ke kartawa a kwalba da murfinta. Shekaru sun cinye ta. Ya auna tsawo da ido, ɗaya ya fita. Jan sama ya koma kamar zare.

"Sarkin sani," in ji muryar, "yau ina bakin?"

 Ya rufe ido, ya zura ɗan yatsa cikin wuyan, ya ji wani ɗan tudu a gefe ɗaya, inda hannun mai gogewa ya karkata. Ya shafa ƙafar murafun ukun a hankali. Ɗaya yana da ɗan kwari daidai wurin. Shi ne mafi muni a cikinsu.

Ya saka. Ya murɗa sau ɗaya da rabi, gilas ya kama gilas. Ya miƙe tsaye, ya riƙe ƙwallon da yatsu uku, ya janye ɗayan hannun daga ƙarƙashi.

Kwalbar ta tsaya a iska.

Wani siririn kuka ya taso daga tsakanin yatsunsa. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Kofunan kabad suka yi shiru. Malam ya shafa addu'a, ya ce ya ajiye ta haka nan, an gama.

Amma hannun ya ƙi. Yatsun sun ƙage, ya kasa sunkuyawa, ya kasa saki, gumi yana bin gwiwar hannunsa zuwa gilas ɗin. Matarsa ta daskare a bakin ƙofa. Sai ya ji motsi a kan tabarma. Auta ta rarrafo, leɓɓanta a bushe, ta tara tafukanta biyu a ƙarƙashin kwalbar.

"Saki, Baba," ta ce da muryarta. "Na riƙe."