Ɗigon da Ba Ya Kan Katin

Ranar Alhamis da hantsi saƙon ya shigo wayar Malama Rahama, mai koyar da kwamfuta a wata sakandare a Gwandu. Masu shirya gasar fasaha sun dakatar da wasan kwamfutar da ta ƙirƙira, domin wata ƙungiya mai suna Zane Biyu ta riga ta shigar da irinsa sak. Ɗaya daga cikinsu ɓarawo ne, kuma ranar Litinin mai zuwa za a rufe gasar. Sai ta kai ƙara ofishin 'yan sanda.

Sufeto Albarka bai taɓa binciken satar abin da ba a iya ɗauka a hannu ba, shi ya sa ya gyara zama.

"Nuna mini abin da aka sace, Malama."

Ta buɗe shafin a wayarta. Katuna ne a kife, ɗauke da zanen hula da na lalle. Mutum ya buɗe biyu, in sun yi daidai su ɓace. A ƙasa akwai inda 'yan wasa ke rubuta ra'ayinsu. Sufeton ya buga sau uku, ya faɗi sau uku, sannan ya koma karanta ra'ayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ya ce wasan shiru kamar maƙabarta. Kin gyara?"

"Na sa sauti ranar Asabar, Yallaɓai."

"Ita kuma Dije daga Diggi ta ce mahaifinta ba ya bambanta ja da kore."

"Ranar Litinin na ɗiga wa jajayen farin ɗigo."

Ya buɗe na Zane Biyu, ya kasa kunne, ya ƙura ido. Sai ya tambaye ta waɗanda suka taɓa wasan ko kwamfutarta. Mutum uku ne.

Samuel, wanda ya zana katunan, ya nuna saƙon da ta tura masa wasan, mako uku da suka wuce. Wasan da ke wurinsa ko ƙara ba ya yi.

Sufeton ya hau mota zuwa Kalgo, shagon Sirajuddeen mai gyaran kwamfuta.

"Yaushe Malama ta kawo kwamfutarta?"

"Jiya Laraba, ranka ya daɗe. Allon ne ya tsage. Tana nan zaune na canza shi."

Na ukun shi ne Malam Umar Faruk, abokin aikinta. A ofishin malamai suka same shi yana duba takardun jarrabawa.

"Ka ari kwamfutar Malama?"

"Ranar Lahadi, na buga tambayoyi. Da la'asar na mayar mata."

"Ka buɗe wasan?"

"Ni ina ruwana da wasan yara?"

Sufeton ya ajiye wayoyi biyu a kan tebur, kowace da nata wasan.

"Saurara, Malam. Na Zane Biyu yana da sauti, wato bayan Asabar aka kwafe shi. Samuel ya fita daga zargi. Jajayen katunansa ba su da ɗigo, wato kafin Litinin ne. Sirajuddeen ya fita. Tsakanin Asabar da Litinin rana ɗaya ce, kuma kai ka faɗa da bakinka a hannun wa take. Yanzu zan nemi lambar wayar da aka yi wa Zane Biyu rajista da ita. Ko za ka rage mini wahala?"

Umar Faruk ya ajiye jan biron da ke hannunsa.

"Gurbin horon da za a ba wanda ya ci gasar nake so," ya ce a hankali. "Shekara tara ina nema, ban taɓa samu ba."

Rahama, wadda ke tsaye bakin ƙofa, ta matso ta ɗauki wayarta.

"Mutum biyu aka yarda su shiga gasar tare, Malam. A takardar shigata, layin suna na biyu har yau babu kowa a kai. Da ka tambaye ni, da naka na rubuta."