Sha Bakwai da Ɗigo Tara Tara

Bayan sallar Juma'a aka kawo rahoto caji ofis: an sace kwamfutar gidan marayu mata da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Multan. Sufeto Shafƙat Gondal ya rufe kwanon abincin da yake ci shi kaɗai, kamar kullum tun rasuwar matarsa, ya tafi.

Ba a fasa ƙofar ofishin ba, ba a taɓa komai ba sai na'urar.

"Ban motsa daga bakin ƙofa ba, Sahib," in ji maigadi, Chacha Ditta.

"Wato yau ba ka yi Juma'a ba?"

Tsohon ya sosa gemu. "Haba, Sahib. Masallaci ai ba yawo ba ne."

Aka kirawo Mehwish, mai kula da rumbun bayanan gidan.

"Me na'urar take yi?"

"Lissafin shekarun yara. Tana ƙirga kwanaki daga ranar da aka tsinci jaririya zuwa yau, ta raba da kwanakin shekara. Ranar da ya cika sha takwas cif, sai yarinya ta bar gidan."

"Wa ke kan gaba?"

"Sidra. Jiya da na tashi aiki tana sha bakwai da ɗigo tara takwas. Yau hutu nake."

A kicin ya iske uwar gidan, Khala Parwin, tana murza gurasa. Ba ta da kowa a duniya, kuma ita ta raini Sidra tun ranar da aka tsince ta a bakin ƙofa.

"Ni da kwamfuta, ɗana? Ko ɗakin ban taɓa leƙawa ba."

"An ce Sidra ta kusa tafiya."

Hannunta ya tsaya. "Yarinyar da har yanzu sai na tashe ta sallar asuba? Wai sha bakwai da ɗigo tara tara! Mutum ake aunawa ko shinkafa?"

Sufeto ya dube ta.

"Khala, jiya tara takwas ne. Wanda ya ga tara tara, yau ya kunna na'urar."

Ta share gari daga yatsunta a hankali, ta buɗe durom ɗin alkama. Kwamfutar na ciki, naɗe da sallaya.

"Kowace Juma'a nakan shiga in duba, Sidra ce ta koya mini. Yau na ga saura ƙiris. Na ce idan babu mai ƙirgawa, ranar ba za ta zo ba."

"Hedkwatarmu tana da kwafin bayanan, Khala," in ji Mehwish daga bakin ƙofa. "Can ma ana ƙirgawa. Litinin zai cika."

Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya jira ta yafa mayafi, suka nufi mota.

"Ɗana, zan dawo kafin Litinin? Ba ta iya shirya akwati ba."

Ya buɗe mata ƙofar motar.