Hannun Da Ke Taɓa Ɓera

Ranar da Suhaibu ya fara ganin Sa'ida, saura ƙiris ya yi amai a motar haya. Daga Suleja suka taso za su aiki Abuja, an cusa su mutum huɗu a baya. Ya saci kallon fuskarta, ta burge shi. Sai tsautsayi ya kai idonsa kan wayarta. Hoton wani farin ɓera ne, da ƙari suntum a gadon bayansa, yana ƙyalli kore shar.

"Subhanallahi! Baiwar Allah, wace irin ƙazanta ce wannan da sassafe?"

Ta yi dariya. "Aikina ke nan. Bincike muke yi kan ciwon daji. Akwai wasu ƙwayoyi mitsi-mitsi da ido ba ya gani. Mu yi wa ɓeran allurarsu, su je su taru a cikin ƙarin, su yi haske a na'urar hoto mu ga iyakarsa. Sai mu haska jan haske a wurin, su kashe ƙarin, lafiyayyen nama ya tsira."

"Da hannunki kike taɓa su?"

"Da safar hannu dai."

Shi fa Suhaibu Allah ya zuba masa ƙyanƙyami, ko kofin wani ba ya iya shan ruwa da shi. Amma kafin su kai Zuba ya karɓi lambarta.

Soyayya ta kankama. Wata rana ya tura mata: "Hasken idona, ina son ki har cikin raina. Amma don Allah kin wanke hannu?"

Ta amsa: "Sau uku, sarkin ƙyama na Suleja. Ka ci abinci?"

"Na kasa. Na tuna aikinki."

Da maganar aure ta kai ga mahaifiyarsa, sai Umma ta tofar da yawu. "Tir! Mai wasa da ɓeraye ce za ta tuƙa mana tuwo? Ga Nana 'yar ƙawata, tsaf-tsaf da ita. Ban yarda ba, ko bayan raina." Dambun da Sa'ida ta aiko ma a bola ya ƙare.

Alhali a ɗakin baya na gidan akwai Inna Daso, yayar Umma, da aka kawo daga garin Gawu Babangida. Ciwon daji ne ya fashe mata a nono. Wari kuwa ba a magana. Kullum sai a banka turaren wuta a tsakar gida, abinci a ajiye mata a bakin ƙofa a juya da sauri. Suhaibu, wanda matar nan ta goya, ta taga yake gaishe ta, yana riƙe numfashi.

Duk da abin da ya faru, Sa'ida ta zo gaida Umma ranar Asabar. Ta durƙusa, aka amsa mata da ƙyar. Can ta ɗaga kai.

"Umma, akwai mai rauni a gidan nan ko?"

Ita ta bi warin da kanta. Ta leƙo ta ce, "Suhaibu, je kemis ka sayo auduga da bandeji da safar hannu. A taimaka min da ruwan ɗumi da gishiri."

Da ya dawo, shi ta ba wa kwanon ruwan ya riƙe. Da ta ɓamɓare baƙin ƙullin da wani mai magani ya shafe ciwon da shi, ruwa da mugunya suka biyo. Suhaibu ya fita da gudu ya kelaya amai a magudana. Ya kuskure baki, ya ji kunya ta rufe shi, ya koma ya sake ɗaukar kwanon.

Inna Daso ta ce, "'Yar nan, an ce kina da hasken da ke ƙona ciwon nan."

"Inna, ba zan yi muku ƙarya ba. Namu har yanzu a kan ɓera yake, bai iso mutane ba. Amma ranar Litinin za mu asibiti tare."

Tsohuwar ta lumshe ido. "Ba komai. Wata biyu ke nan rabon da hannun mutum ya taɓa ni."

Umma na tsaye a ƙofa, ta toshe hanci da mayafi. A hankali ta sauke shi, hawaye na zuba.

"Wallahi yau kaina nake ƙyama. Cikinmu ɗaya da ita fa!" Ta naɗe hannun riga ta durƙusa kusa da Sa'ida. "'Yata, nuna min yadda ake yi."

Bayan wata uku aka ɗaura aure a unguwar Kurmin Sarki. Da aka kawo amarya, aka fito da Inna Daso a kujera, ta rame ƙwarai amma fes da ita. Ta haɗa hannun ango da na amarya ta riƙe gam.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai tausayi. Ke kuma ki koma wurin ɓerayenki, kada aure ya hana ki. Ni ba zan riski maganin ba, amma akwai mata a bayana."

Suhaibu ya ce amin. Umma ta fi kowa ɗaga murya.